Sawun Wayar Shagon Sabulu

Kafin a kira Mai Sawu, mutanen layin sun riga sun gama masa aikin. Sun yi bincike, sun kama ɓarawo, sun yanke hukunci, duk da fatar baki, sannan suka tattake ƙofar shagon sabulun har ba a iya bambanta sawun mutum da na akuya. Da tsohon ya iso sai ya dogara sandarsa, ya dubi ƙasa, ya dubi taron, ya ja tsaki mai tsawo.

"Wa ya share cikin nan?"

"Ni ce, Baba," in ji mai shagon, 'yarsa ta cikinsa, wadda har yau Auta yake kiranta ko da yake ta tara nata 'ya'yan. "Na ga mutane za su shigo."

"Kin kyauta. An yi miki sata, kin ɗauko tsintsiya kin taya ɓarawo kwashe ƙafarsa."

Abin da ya ɓata waya ce, wayar shago. Ba ta da wata tsada, bayanta ma a fashe yake, amma a cikinta sabon tsarin Auta yake kwana. Sabulun wanka take haɗawa a ɗakin baya tana sayarwa a gaba, kuma ciniki ya daɗe yana tafiyar hawainiya. Sai ta zo da dabara: ta ɗauki mutum uku a layin, Tela da Direba da Mai Kitso, ta ce kowa ya riƙa tallata mata sabulu ga mutanensa. Kowanne ya zaɓi kalma daga sana'arsa. Tela ya ɗauki allura, Direba ya ɗauki taya, Mai Kitso ta ɗauki gashi. Mai son sabulu sai ya turo saƙo ya rubuta kalmar wanda ya turo shi, wata manhaja da ke cikin wayar ta tsinci kalmar, ta ajiye wa mai ita rabonsa. Yau ne ƙarshen watan farko, ranar da aka yi alkawarin buɗe wayar a gaban kowa a raba la'ada.

"Dillanci ke nan," in ji Mai Sawu da aka gama yi masa bayani.

"Ba dillanci ba ne, Baba. Tsarin wakilai ake ce masa."

"Wanda ya kawo mai saye ya karɓi la'ada, sunansa dillali tun kafin a haifi kakarki. Ku dai kun ƙara masa batir ne."

Tela, wanda tef ɗin awo ke rataye a wuyansa, ya kutso gaba. Tun safe bai taɓa keke ba, yana nan yana ɗinka magana.

"Baba, ba sai ka wahala ba. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba. Mabuɗi biyu ne, ɗaya a hannun 'yarka, ɗaya ajiya a wurin Mai Kitso. Wata guda cur ina turo mutane, Direba yana turowa, amma duk cinikin da aka yi sai waya ta ce na Mai Kitso ne. Yau za a buɗe a ga irin surkullen da ta yi, sai waya ta yi ƙafa. Ruwa ba ya tsami banza. Ni dai na faɗa, idan la'asar ta yi ba a ga waya ba, 'yan sanda zan kira."

"Ni na hana a kira su tun da safe," Auta ta ce a hankali. "Na ce a kira min babana."

Mai Sawu ya yi kamar bai ji ba, amma maganar ta shige shi har ƙashi. Ya yi zamaninsa yana bin sawun dabbar da ta ɓata da kayan da aka ɗauke, har gwiwa ta gaji, ido ya fara hazo, mutane suka koma rataya kyamara a ƙofa. Ita kanta Auta kullum cewa take ya zauna ya huta, duniya ta wuce wurin. Yau ga shi ita ce ta aika a ɗauko shi. Daɗin da ya ji ya sa ya ƙara ɗaure fuska, ya daka wa taron tsawa su ba shi hanya.

*

Shagon kitson yana maƙwabtaka da na sabulun, bango ɗaya. Ya same shi fayau. Tabarmar da mata kan jeru a kai tana naɗe, Mai Kitso tana zaune ita kaɗai, tana ta goge matajin da ba shi da datti.

"Sannu da aiki, 'yar nan."

"Ina aikin yake, Baba?" Ta miƙa masa kujera. "Da safe akwai mai kai a hannuna, na kai rabi, sai ƙanwarta ta shigo ta raɗa mata magana. Ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso, ta rungume jakarta a ƙirji, ta fita. Sauran da suka yi alkawari ba wadda ta leƙo."

Ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai kitso baya ake juya mata, a ajiye jaka a gefe, a cire ɗan kunne a ba ta ta riƙe, wani lokaci har gyangyaɗi ake yi a cinyarta. Ranar da aka ce ɓarauniya ce, ranar sana'arta ta mutu, ko da daga baya an ce a yi haƙuri. Wayar mai fashin baya ba ta kai darajar tuƙa ɗaya ta wannan amana ba.

"Mabuɗin fa?"

Ta nuna wata ƙusa a bayan madubi. Ya tashi da ƙyar, ya kawo fuskarsa dab da bango saboda idon. Gizo-gizo ya yi saƙa tun daga kan mabuɗin har zuwa gefen madubin, zaren bai tsinke ba. Ya bar abin a ransa. Ya san idan ya fita ya ce gizo-gizo ne shaidarsa, Tela zai ce ita ta ɗauki gizon aiki.

"To gaya min gaskiya. Yaya aka yi kika fi su kawo mutane?"

"Wallahi, Baba, ni ma abin ya ɗaure min kai. Waɗanda na yi wa tallar ba su da yawa, kuma rabinsu cewa suka yi sai wata ya ƙare. Da ƙawata Auta ta ce min ni ce a gaba nesa ba kusa ba, sai na ce ko addu'ar uwata ce."

"Ba ki tambayi yadda aka yi ba?"

"Wa ake ba shi alheri ya tsaya tambaya?" Ta sunkuyar da kai. "Ni ce na fara jera sabulunta a tagata tun ba wanda ya san shi. Abin da ya fi min ciwo, da Tela yake ta zuba a kaina ɗazu, Auta tana tsaye. Ba ta ce na ɗauka ba, amma ba ta ce ban ɗauka ba."

*

A bayan shagunan akwai wani lungu da tsintsiya ba ta zuwa. Nan Mai Sawu ya ɗan samu abin karantawa. Ƙarƙashin tagar ɗakin haɗa sabulu akwai sawun takalmi, na dama ya fi cinyewa a goshi, irin na mai taka keken ɗinki. Sawun ya zo da sauri, ya tsaya ya yi ɗage, ya koma a hankali. Zuciyarsa ta yi fari. Ya bi shi har ƙofar Tela, ya tarar da mai shi yana ba Direba labarin da Direba yake wurin lokacin da aka yi shi.

"Me ya kai ka bayan tagar mutane jiya da yamma?"

Tela ya kau da kai. Direba ya gyara zama, don shi duk inda za a tozarta wani, yana da lokaci.

"Sabulunta na mayar mata," in ji Tela.

"Ta taga?"

"Baba, ka san abin da 'yarka ta yi min jiya? Na je da girmana na ce a duba, akwai kuskure, mutanena sun saya ba a rubuta min ba. A gaban kwastomomi ta ce min waya ba ta ƙarya, mutum ne ke yi. Ni, da furfurata. Na dawo na kwaso sabulan da ta ba ni na talla, na same ta ta rufe, na wurga mata su ta taga. Je ka duba, suna nan a ƙasa in ba ta share su ba."

Ta share su, amma Mai Sawu ya ga sabulai masu lotsattsen gefe a kan kantar shagon ɗazu. Tagar kuma da ƙarfe a jikinta, hannu kawai ke shiga, wayar kuwa a gaba take kwana. Ya yi tsaki. Sawu mai kyau ya tashi a banza.

Ya juya ga Direba, wanda wata waya mai fashin baya ke leƙowa daga aljihunsa.

"Wannan fa?"

"Tawa ce, Baba. Zama na yi a kanta." Ya zaro ta ya kunna, hoton motarsa ya bayyana, an yi mata ado kamar amarya. "Ni fa ban damu da la'adar nan ba. Fasinja ya shigo, in ce masa sayi sabulu, sai ya ɗauka cewa nake yana wari. Wani har sauka ya yi bai biya ni ba."

"To me ya kawo ka cikin masu zargi?"

"Na ga kowa ya tsaya ne."

Mai Sawu ya rufe ido ya nemi haƙuri a wurin Allah. Da can dabba yake bi, ita kuwa dabba ko ta ɓata ba ta ƙara maka da surutu. Ya buɗe ido ya nuna Tela da sanda.

"Kai da kake rantsuwa ka turo mutane, ba ni mutum ɗaya. Ba labari ba, mutum mai ƙafa, wanda zan je in gani."

"Malamar makarantar bayan kasuwa. A gabana ta rubuta allura, ina riƙe da rigarta."

*

Ya same ta lokacin tara, yara sun fita hutu, tana zaune a baranda da tulin littattafan yara da jan biro. Mace ce mai fara'a, ta ba shi benci, ta ce tabbas ta sayi sabulun, kuma Tela ne ya turo ta.

"Nuna min yadda kika yi, tun daga farko. Kada ki tsallake komai."

Ta ciro wayarta ta lalubo hirar, ta miƙa masa. Ya riƙe ta nesa, ya matso da ita, ya sake nesantawa. Karatun boko da girma ya koye shi, don haka baƙi-baƙi yake bi, yana furtawa a fili, yatsa yana tafe a ƙasa.

"Al-lu-ra. To. Sa-bu-lu mai le-mo. To." Ya gangara ƙasa, ya wuce wani hoto. "Na tu-ra ku-ɗin. Gashi." Ya ɗago kai. "Gashin wa?"

Malamar ta tuntsire da dariya har jan biron ya faɗi.

"Ba gashin kai ba, Baba. Ga shi. Na tura kuɗin, ga shi, wato ga hoton shaidar biya."

"To me ya sa kika rubuta gashi?"

"Haka kowa ke rubutawa a waya." Ta ɗan ji kunya, ta dubi tulin littattafan. "A allo ina raba su, har maki nake cire wa yara. Amma a waya wa ke da lokacin barin fili?"

Mai Sawu ya mayar da yatsansa kan kalmar. A baki, ko yaron goye ba zai haɗa gashin kai da ga shi ba, muryar ta sha bamban. Amma a rubuce ba murya. Shi da ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya ya faɗa ramin, to ina ga na'urar da ba ta taɓa jin an yi magana ba?

"Malama, duk wanda ya biya sai ya turo wannan hoton?"

"Dole. In ba ka turo ba, ba a kawo maka kaya."

"Kuma kowa sai ya ce ga shi."

"To me zai ce?"

Ya mayar mata da wayar. Allura ta shiga da farko, gashi ya biyo baya ya hau kanta, sawun giwa ya take na raƙumi. Har wanda ba kowa ya turo shi ba, da ya miƙa kuɗi ya zama mutumin Mai Kitso. Wata guda ana gaba a layi, ana kallon baiwar Allah da gefen ido, saboda mutane suna ƙyashin danna fili ɗaya. Ya tashi yana gunaguni, ya ce malama ta ƙara cire maki, kuma ta fara da kanta.

A hanya murnarsa ta fara sanyi. Ya gano yadda aka yi cinikin ya karkata, amma bai gano waya ba. Kuma idan Mai Kitso ba ta yi surkulle ba, ba ta da abin ɓoyewa. Ba wanda zai so wayar ta ɓata a ranar buɗe ta, sai wanda ya riga ya san abin da za a gani a ciki.

*

Auta tana ɗakin baya tana yanka sabulu lokacin da ya dawo. Ya ce ta ci gaba da aikinta, shi zai ɗan zauna ne gwiwarsa ta huce. Ya zagaya bayan kantar shagon, inda ta ce wayar take kwana a jone. Soket ɗin yana nan, babu komai a jikinsa. Ɓarawo ko dai ya fizge waya ya bar caja tana lilo, ko ya haɗa duka ya tafi. Ya ja durowa.

Cajar tana ciki, a naɗe. Ba naɗin kowa da kowa ba, wanda ake dunƙulewa a jefa. An karkaɗa ta hagu da dama a kan yatsu biyu, an ɗaure tsakiya, an cusa bakin ta ƙarƙashi yadda ja ɗaya zai warware ta. Haka yake naɗe igiyar dabba tun yana saurayi, kuma mutum ɗaya ya taɓa zama ya koya wa, wata 'yar ƙaramar yarinya mai naci da ke bin sa har bakin gari tana riƙe masa gora. Hannu ya yi abin da ya saba, mai hannun ba ta sani ba. Kuma yarinyar da ta tashi a gidansa ta fi kowa sanin ba a share wurin da aka yi sata.

Ya mayar da durowar a hankali. Haushi da baƙin ciki suka cakuɗe masa, har bai san wanda ya fi yawa ba. Ta labule yana jin ƙarar wuƙarta a kan katako, tana yanka daidai wa daida, kamar yadda take komai. Yana iya fita ya ba da labarin gashi, a yi dariya, ya ce waya kuwa wani ɗan hanya ne ya ɗauka, sawu ya ɓace. Ba wanda zai zarge shi, tsoho ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai dai mabuɗi biyu ne, kuma duk layin ya sani. Idan ba a ce Auta ce ba, to har abada Mai Kitso ce.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Aika a kira min su duka. Har da masu kallo, tunda ba su da aikin yi."

*

Shagon ya cika har baranda. Tela ya tsaya kusa da ƙofa da wayarsa a hannu, wai lambar 'yan sanda tana kan yatsa. Direba ya samu buhu ya zauna. Mai Kitso ta shigo daga ƙarshe, mata biyu suka janye jakunkunansu da ta wuce, kuma ta gani.

Mai Sawu ya sa Direba ya buɗe wayarsa, ya ce ya rubuta masa yadda zai gaya wa mutum ya biya kuɗi ga shaida. Direba ya danna, ya nuna. Ya sa Tela ma ya rubuta. Ya sa wata mai kallo. Sannan ya ce a haɗa wayoyin a karanta kalmar ƙarshe yadda take a rubuce, ba yadda ake nufi ba.

Aka haɗa kai a kan wayoyin. Direba ne ya fara ganewa, ya faɗo daga kan buhun yana dariya. Dariyar ta bazu har baranda, ana maimaita wa na baya. Tela ya kalli abin da yatsansa ya rubuta, ya kalli Mai Kitso, ya ce:

"Ke nan ni ma da na sayi na gidana..."

"Ita ka ba la'adar," in ji Mai Sawu. "Da hannunka."

Mai Kitso ba ta yi dariya ba. Ta jira hayaniyar ta lafa.

"Na gode, Baba. Amma ba gashi aka ce na sata ba. Waya aka ce."

Dariyar ta yanke. Idanu suka dawo kan tsohon.

"Mabuɗin da ke wurinki an daɗe ba a taɓa shi ba, gizo-gizo ya yi gida a kansa, mai shakka ya je ya duba," ya ce. "Tela bai wuce taga ba. Direba kuwa ko laifi aka ba shi kyauta ba zai iya ɗauka ba. Wanda ya ɗauki waya bai yi sauri ba, bai ji tsoro ba, har caja ya naɗe ya adana, don ya san zai sake buƙatarta. Na bi sawun har inda ya tsaya. Ban taɓa bin sawu na kai ƙarshe na ƙi faɗa ba, kuma yau ma ba zan ƙi ba. Amma na fi so mai ƙafar ya riga ni."

Bai dubi kowa ba. Ƙasa ya duba, inda ya saba duba. A ransa yana roƙon kada a bar shi ya faɗi sunan da shi ya raɗa.

Labule ya motsa. Auta ta shiga ɗakin baya, aka ji ta ja wani abu mai nauyi, ta fito da waya mai fashin baya, garin sabulu a jikinta. Ta ajiye ta a kan kantar shagon.

"Ni ce." Ta dubi taron. "Bayan na zagi Tela jiya, na zauna na buɗe saƙonnin ɗaya bayan ɗaya don in ƙara kunyata shi yau. Sai na ga abin da Baba ya gani. Ni na kafa tsarin, ni na yi ta cika baki. Na ce bari in ɓoye ta kwana biyu in gyara a ɓoye, a ce ɓarawon hanya ne. Ban zaci za a ce ke ce ba." Ta juya ga Mai Kitso. "Da aka ce ke ce, na yi shiru. Wannan ba ni da abin cewa a kansa."

Tela ya dubi fuskar tsohon. Ya zare tef daga wuyansa, ya ce wa Mai Kitso ta yafe masa, ya fita. Mai Kitso ta dubi ƙawarta.

"Gobe da safe ki zo shagona," ta ce. "A bakin ƙofa za ki zauna, inda duk mai wucewa zai gani. Ki zo da jakarki, ki ajiye a gefena, ki juya min baya. Maganar yafiya kuma sai na gama kitson in ga yadda zuciyata take."

"Zan zo."

"Kuma a canza min kalma."

*

Da shagon ya watse, Auta ta ɗauko masa ruwa. Bai karɓa ba. Yana zaune a kan kujerar da ke bayan kantar, sanda a tsakanin gwiwoyi.

"Tambaya ɗaya gare ni. Tela ya ce 'yan sanda, kika ce a'a, a kira miki babanki. Don me?"

Ta tsaya da kofin a hannu. Yana gani tana neman amsa mai daɗi, kuma akwai ta a kusa: tana iya cewa ta san shi kaɗai zai cece ta daga kanta. Da ta faɗa, da ya karɓa, don yana so.

"Na ɗauka ba za ka gano ba, Baba," ta ce. "Na ce idonka ya yi rauni, kuma ba ka san waya ba. Za ka zagaya, ka yi faɗa, ka gaji, a bar maganar."

Ya gyaɗa kai a hankali. Tun safe yake ɗauke da daɗin kiran nan a ƙirji kamar yaron da aka yi wa sabuwar riga, yanzu an karɓe. Ya dafa kantar shagon ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Ta kawo hannu za ta riƙe shi, ya ɗaga mata tafi.

"Wannan karon kin faɗi gaskiya tun ba a bi sawunki ba," ya ce. "Bar ni. Na san hanyar gida."